An gyara Sholay da faɗinsa na asali: a ina za mu kalle shi a Kano?

Malam Habu Fagge: Assalamu alaikum 'yan gida. Tun da asuba nake riƙe da labarin nan, na kasa haƙuri sai na zo da shi. Sholay dai da kuka sani, fim ɗin Indiya na 1975, an gyara shi an wanke shi tas. Wata gidauniya ce ta Mumbai mai suna Film Heritage Foundation ta yi aikin tare da kamfanin Sippy Films masu fim ɗin, sun ɗauki kusan shekara uku a kansa. Ranar 27 ga Yuni 2025 aka haska shi a birnin Bologna na ƙasar Italiya, a dandalin tsakiyar gari, a fili ba rufi, kamar dai yadda muke kallo a silimunmu na da. Abu biyu ne suka hana ni sukuni. Na ɗaya, an dawo da shi a faɗinsa na 70mm, wato irin hoton faifan fim mai faɗin milimita 70. Na biyu, an mayar masa da ƙarshensa na asali wanda aka hana nunawa. Ranar 15 ga Agusta 2025 fim ɗin ya cika shekara 50 cif. Ni tambayata ɗaya ce: idan ya iso, a wane bango za mu kalle shi a garin nan?

Nura Gwammaja: Wa alaikumus salam Malam. Ni fa ban ga abin ɗoki ba. Fim ɗin nan yana wayata yanzu haka, har da wanda aka fassara da Hausa. Naira nawa ne a wurin masu turi? Me za a ƙara masa, sabon doki?

Malam Habu Fagge: Nura, abin da ke wayarka inuwar Sholay ce. Ka taɓa ganin jirgin ƙasan nan na farkon fim ya taho maka a bango mai tsayin gidan bene, 'yan fashi a kan dawaki suna bin sa, ƙura ta turnuƙe? Ina ɗan shekara goma sha uku yayana ya shigar da ni, na zauna a bencin gaba na masu ƙaramin kuɗi, wuyana ya ƙage saboda ɗaga kai. Da jirgin ya daki itatuwan da aka tare masa hanya da su, wallahi sai da na sunkuya. Wannan waya ba za ta sa ka sunkuya ba.

Ɗanliti Ƙofar Wambai: Malam Habu ya faɗi gaskiya. Shekara goma sha bakwai ina sayar da kaset, daga na bidiyo har zuwa faifan CD, kuma na san ta'asar da aka yi wa fina-finai masu faɗi. Talabijin ɗinmu ta da kusan murabba'i ce, huɗu bisa uku. To fim mai faɗi ba zai shiga ba, sai a datse masa gefe da gefe. Ka ga mutum biyu suna magana, ɗaya ya ɓace sai hancinsa. Haka muka sayar wa mutane da rabin Sholay, Allah ya yafe mana.

Sadiq Edita: Kawu Ɗanliti, a yi mini afuwa zan ɗan sa baki, don aikina ne yanka hoto. Abin da ka faɗa haka yake ga yawancin fina-finai masu faɗi: idan hoton ninki 2.2 ne na tsayinsa aka cusa shi a tsohuwar talabijin, kusan kashi 40 cikin ɗari na faɗin ya tafi. Amma Sholay nasa daban ne. Ba da kyamarar 70mm aka ɗauke shi ba, don tana da tsada a lokacin. A kan 35mm aka ɗauka, mai siffar huɗu bisa uku, daga baya aka kai Landan aka faɗaɗa shi zuwa 70mm. Wurin faɗaɗawar kuwa sama da ƙasa aka rage. Ma'ana, akwai kwafin da ke nuna hoton gaba ɗaya yadda kyamara ta ɗauka, kuma a wannan kwafin ka fi ganin sararin sama da ƙafafun dawaki fiye da mai kallon 70mm. Don haka ba lallai ne ka cuci kowa ba, ya danganta da kwafin da aka kwafo kaset ɗinka daga ciki.

Ɗanliti Ƙofar Wambai: To fa! Ashe ɗan yau ma yana koya wa na jiya karatu. Na karɓa, Sadiq. Amma in haka ne, wanne ne na gaskiyar?

Nura Gwammaja: Yauwa, tambayar da nake jira ke nan. Kun ce an dawo da na asali, ga shi ana cewa na asalin ma yanke shi aka yi.

Sadiq Edita: Ni a wurina na gaskiya shi ne wanda darakta Ramesh Sippy da mai ɗaukar hotonsa Dwarka Divecha suka yi niyya. Mai ɗaukar hoton da ya san za a faɗaɗa aikinsa yakan tsara mutanensa a tsakiyar hoto, ya bar sama da ƙasa fanko don ya san za a zubar. Ku tuna duwatsun nan na Ramanagara kusa da Bangalore inda aka ɗauki ƙauyen da maɓoyar Gabbar, shugaban 'yan fashin. Idan hoton ya miƙe a kwance, za ka ga ɗan fashi a kan wancan dutse, wani a kan wannan, shi kuma bos yana kai-komo a tsakiya, sai ka ji kamar an kewaye ka. A hoton murabba'i idonka yakan tafi sama inda babu komai. Sannan ga sauti: faifan 70mm yana ɗauke da layin sauti shida, shi ya sa in an harba bindiga ko an cilla kwabon nan sai a ji ƙarar ta bi ta gefe guda.

Baba Ofareta: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Habu, na ji an ce kana neman bango. Bari in fara gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Silimar da na yi aiki shekara ashirin da biyu, injinmu na 35mm ne, lasifikarmu kuma a bayan bango take, sauti ɗaya. Ni da hannuna na haska fim ɗin nan ban san adadi ba, kuma ban taɓa ɗora faifan 70mm a inji ba. Don haka wannan da aka gyara, ba shi ka kalla kana yaro ba. Sabon abu za ka gani, kamar yadda Nura zai gani.

Malam Habu Fagge: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kun kashe mini jiki, amma maganarku ba ta da ja. To me ya sa a raina nake ganinsa da faɗi haka?

Baba Ofareta: Saboda kai ƙarami ne a lokacin, bangon kuma babba. Kuma ba kai kaɗai kake kallo ba, mutum ɗari-ɗari ne ke numfashi tare da kai. Bari in ba ku yadda aikin yake, don yaran nan su san abin da ake gyarawa. Fim yakan zo mana a gwangwanaye, kowane faifai minti ashirin ne ko ƙasa da haka, wannan kuwa ya haura awa uku, ka ga faifai goma ke nan ko fiye. Inji biyu ne a ɗakin. Ɗaya na tafiya, kana ɗaura wa ɗayan. Idan faifai ya kusa ƙarewa sai wani ɗan ɗigo ya bayyana a kusurwar sama ta hannun dama, ka tayar da inji na biyu, ɗigo na biyu ya fito ka juya haske. In ka yi gyangyaɗi bango ya yi fari, to ranar za ka ji sunan mahaifiyarka daga bakin mutum ɗari biyar. Hasken kuwa ba ƙwan lantarki ba ne, sandunan kabon ne guda biyu suke ci da wuta, kana matso da su a hankali suna ƙonewa. Zafin ɗakin nan ko gidan burodi albarka. Wani lokaci kwafi ɗaya ne silima biyu ke rabawa a dare guda, yaro na kan keke yana jigilar faifai tsakaninmu. Ran da tayarsa ta yi faci sai mu sa waƙa mu yi ta ba jama'a haƙuri.

Abin da ya fi cin fim shi ne tsinkewa. Duk sanda ya tsinke sai ka yanke ɗan guntu, ka kankare bakin, ka shafa gam ka haɗa. Yau guntu, gobe guntu. Ga ƙurar hunturu tana shiga inji tana zana masa layi kamar ruwan sama. Kwafin da ya zaga Legas, Ibadan, Kaduna kafin ya zo hannunka, ai ya riga ya rame. Akwai waƙar da na san tsawonta a farkon zuwan fim ɗin, bayan 'yan shekaru ta koma rabi, kuma ba wanda ya cire ta da gangan.

Ummi 'Yar Jami'a: Baba, wannan bayani naku ya fi lacca. Don Allah Yaya Sadiq, shi gyaran yaya ake yinsa? Goge faifan ake yi da tsumma ko kuwa?

Sadiq Edita: Har da gogewar, Ummi, amma nan ne farko kawai. A ɗakin gyara na L'Immagine Ritrovata da ke Bologna aka yi wannan. Da suka buɗe asalin faifan da ya fito daga cikin kyamara sai suka tarar ya lalace ƙwarai, ba zai yi aiki ba. Irin wannan leda in zafi da laima suka dame ta sai ta fara fitar da wari mai tsami, ta motse, ta kanannaɗe, kuma in ta fara ba ta tsayawa, har ta harbi gwangwanin da ke kusa da ita. Launi ma yana gudu, shuɗi da rawaya su kan riga tafiya, shi ya sa tsohon fim ke komawa ja-ja. Abin da ya cece su shi ne kwafi na biyu da aka samo a ma'ajiya a Landan da kuma Mumbai, kuma a cikin kayan Landan ɗin ne aka sami ƙarshen asali da wasu fitowa biyu da aka cire. Daga nan sai a gyara ramukan gefen faifan da hannu, a wanke, a ɗauki hoton kowane gida ɗaya bayan ɗaya a inji mai ƙarfin 4K. Ki lissafa: hoto 24 ne a daƙiƙa guda, fim na minti 200 ya kama hoto 288,000. Kowanne sai an duba ƙura da zane da rawar hoto. Sannan a zauna daidaita launi, a bi sauti a cire shacin tsufa ba tare da an kashe muryar mutane ba.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, kuma na gan shi a wasu gyare-gyaren: a wanke hoto fiye da kima har fuskar mutum ta koma kamar roba. Fim na da ɗan tsakuwa-tsakuwa a jikinsa, wannan ba datti ba ne, jikinsa ne. Gumin fuskar Amjad Khan, wanda ya fito a Gabbar, da ƙurar rigarsa nake so in gani.

Nura Gwammaja: An taɓa mayar da shi 3D, mai kallo da tabarau ai, a 2014. Shi ma gyara aka kira shi.

Sadiq Edita: Wancan ado aka yi masa, an ɗora masa abin da ba a haife shi da shi ba. Wannan kuwa cire masa tsatsa aka yi.

Hajiya Maman Khalifa: Sannunku da hira. Tun ɗazu ina karantawa, kowa na cewa silima, silima, bencin gaba, bencin baya. Ku maza ke nan. Mu a zamaninmu 'yar mutunci ba ta taka ƙofar silima, wadda aka gani a can an gama da sunanta a unguwa. Ni a talabijin na san fina-finan Indiya, sannan a bidiyon gidan maƙwabta, mu goma sha a tsakar gida an jingina akwatin a kan turmi. Ban taɓa ganin fuskar Hema Malini ta fi tafin hannuna girma ba. Don haka in za ku nemi wuri, ku nemi inda ni da 'ya'yana mata za mu zauna da mutuncinmu, da rana ko da yamma, ba ƙarfe tara na dare ba.

Kuma ni ba faɗan nake jira ba. Wurin da nake so in gani da girma shi ne inda doki ya dawo ƙauye da gawar yaron nan Ahmed, ɗan limamin makaho. Jama'a sun yi cirko-cirko an rasa mai magana, tsohon yana lalube da sandarsa bai san abin da ake ciki ba, har hannunsa ya kai kan ɗansa. Sai ga kiran salla, ya juya a kama masa hannu zuwa masallaci. Ranar da muka kalla, kakata da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai kuma bazawarar nan mai fararen kaya tana bi tana rage fitilu da daddare, shi kuma akta Amitabh Bachchan yana zaune a nesa yana busa. Ba wanda ya ce uffan a cikinsu. A ƙaramar talabijin duhu ne kawai muke gani da ɗigon haske.

Malam Habu Fagge: Hajiya, kin yi gaskiya, kuma kunya ta kama ni da ban kawo wannan a raina ba. Duk inda za a yi, da iyali za a yi.

Ummi 'Yar Jami'a: Ni ban taɓa kallonsa ba fa gaba ɗaya, guntu-guntu nake gani a TikTok. Wane ne ƙarshen asalin da ake ta faɗa?

Malam Habu Fagge: 'Yata, in ba ki son a ɓata miki ki tsallake wannan. Thakur, tsohon ɗan sandan da Gabbar ya kashe wa iyali ya kuma sare masa hannaye biyu, a yadda aka fara ɗauka shi ne ya kashe Gabbar da ƙafa, da takalmi mai ƙusoshi, sannan ya durƙushe yana kuka. To fim ɗin ya fito ne ana cikin dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta ƙaƙaba a watan Yunin 1975. Hukumar tace fina-finai ta Indiya ta ƙi yarda a nuna tsohon jami'i ya ɗauki doka a hannunsa, ga kuma tsananin zubar da jini. Dole aka koma aka sake ɗauka: yana dab da gamawa da shi sai 'yan sanda suka iso suka kama Gabbar. Wannan muka kalla shekara da shekaru.

Ɗanliti Ƙofar Wambai: Kuma kullum sai an yi tsaki a wurin! Mutum ya kashe maka 'ya'ya da jika, ya raba ka da hannu, akta guda ya mutu a kan gada saboda shi, sannan a ce wai a tafi kotu? Ina 'yan sandan suke tun farko?

Hajiya Maman Khalifa: Ni kuwa Ɗanliti ban ga laifin wancan ƙarshen ba. Yara na kallo. Gara su ga an miƙa mugu ga hukuma da su ga an tattake kan mutum. Garin nan mun san abin da ɗaukar fansa da faɗan daba suka jawo mana.

Malam Habu Fagge: Hajiya, da a ce ya kashe shi ya yi dariya ne, da na bi bayanki. Amma kukan nan shi ne maganar. Ya samu abin da ya shekara yana nema, kuma ba ɗansa ko ɗaya da ya dawo, hannunsa ma bai dawo ba. Wanda ya ga Sanjeev Kumar, mai fitowa a Thakur, a durƙushe a nan ba zai fita yana sha'awar fansa ba. Ƙarshen 'yan sandan ne ma ke barin mutum da ƙaiƙayi a zuciya, yana cewa da ni ne da na gama da shi.

Hajiya Maman Khalifa: To sai na gani da idona. Ban sauka daga ra'ayina ba tukuna.

Nura Gwammaja: Ni abin da ya tsaya mini, duk wannan ɗoki a kan kayan wasu ne. Sarkin Ƙarfi da Amita, wato Dharmendra da Amitabh, ba 'yan Kano ba ne. Namu fa?

Sadiq Edita: Wannan tambayar taka ta fi ta farko, Nura. An taɓa yi wa namu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa aka yi shi kuma a kan 35mm. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shekara ɗaya ce tsakaninsa da Sholay. Mu nawa ne a zauren nan muka kalle shi?

Ummi 'Yar Jami'a: Littafin kawai na karanta a sakandare. Ban ma san akwai fim ba.

Ɗanliti Ƙofar Wambai: Na kaset ma sun fi ban tausayi. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa lokacin da CD ya shigo, a kan kaset aka yi komai, kuma kaset ba ya jure ajiya. Bara na buɗe wani buhu a shagona na da, fina-finan Hausa na farko-farko sun fi ɗari biyu. Farin fumfuna ya cinye zaren, wasu sun manne, in ka ja sai su tsinke. Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke mini daɗi. Guda talatin da 'yan kai ne suka tsira, suna nan a ɗakina cikin akwatin ƙarfe.

Sadiq Edita: Kawu, don girman Allah kada ka sa su a kowane inji. Ka cire su daga akwatin ƙarfen in yana shan rana, ka jera su a tsaye a wuri mai sanyi marar laima. Ina da na'urar da ke juya kaset zuwa kwamfuta, abin da na rasa shi ne bidiyo mai lafiyayyen kai.

Baba Ofareta: Akwai ɗaya a ƙarƙashin gadona, na iya wanke kansa kuma. Ku zo ku ɗauka. Habu, maganar bango kuma, kada ka tsaya neman irin na da. Rex, Palace, Plaza, Orion, El Dorado, Marhaba, zamaninsu ya wuce. Ku nemi zaure mai duhu sosai, a samo kwafi na halal daga masu shi in sun sake shi, a nemi izinin hukuma yadda doka ta ce. Sharaɗina ɗaya: duk wanda zai kunna, in ya ga baƙin layi a sama da ƙasan hoton kada ya taɓa, kada ya ja hoton ya cika allo har mutane su koma dogaye kamar sanda. Haka aka yi shi. Kuma a yi hutun rabin lokaci inda masu fim suka sa shi, a fita a yi salla a sha ruwa.

Malam Habu Fagge: An gama, Baba. Ni zan bi maganar zaure da izini. Sadiq, kai ka sa ido kan lokacin da za a sake shi da yadda ake samun kwafin. Hajiya, ki ƙirgo mana mata nawa za su zo don mu san girman wurin.

Hajiya Maman Khalifa: Daga gidanmu kaɗai mu tara ne.

Nura Gwammaja: Ku sa da ni. Zan goge na wayata kada in leƙa kafin ranar.

Sadiq Edita: Baba, Asabar bayan la'asar zan zo ɗaukar bidiyon, zan biya ta Ƙofar Wambai in taho da Kawu Ɗanliti da kaset biyar na gwaji. In kun amince zan zo da kyamara, ku sake ba ni labarin ɗakin injin nan daga farko.

Baba Ofareta: Ku zo. Ku taho da auduga da ɗan sifirit na wanke kan bidiyon, nawa ya ƙare.